Daga Wuri zuwa Kile: Tarihin Injin Haƙar Kuɗi a Idon Kasuwar Ƙwanni

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga Birnin Ƙwanni ranar Laraba, ko ya tsallaka zuwa kasuwar Illela ta jihar Sakkwato ranar Lahadi, ya ga ƴan canji zaune da damman takardun kuɗi a gabansu, naira a gefe guda, sefa a ɗaya gefen. Tsohuwar sana'a ce a wannan yanki, domin mutanensa sun daɗe suna rayuwa tsakanin kuɗi iri biyu, alhali ba su ne suka buga ko ɗaya daga ciki ba. A shekarun baya-bayan nan wata sabuwar magana ta shiga bakin samari, har ta isa azuzuwan kwaleji da lise: wai akwai kuɗin da mutum yake haƙowa da kansa, da na'ura mai ƙwaƙwalwa, babu sarki, babu banki. Ana kiran su kirifto ko kuɗin intanet, aikin samo su kuwa samari suna ce masa mainin.

Wannan maƙala za ta bi tarihin injin da aka ƙera domin wannan aiki, wato kwamfutar da ke tashi daga ƴar sandar ajiya, wadda a Nijar ake kira kile, a Nijeriya kuma filash. Za ta ajiye shi kusa da tarihin kuɗin da suka gabace shi a ƙasashen Ƙwanni, Malbaza da Illela ta Sarkin Adar, domin tambayar da ke gaban saurayi mai son sayen injin tsohuwa ce: a ina ake haƙo kuɗin, nawa haƙar take ci, kuma wa ke da ikon sauya ƙa'idar?

Inda aka haƙo wuri

Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Wuri kuwa ƙwanson wata ƴar halittar teku ne, kuma mafi yawan wanda ya fara yawo a Afirka ta Yamma daga tsibiran Maldib ya fito, can cikin tekun Indiya. Mutanen tsibiran sukan shimfiɗa ganyen kwakwa a ruwa marar zurfi, halittar ta manne a jiki, su kwaso su bar ta a rairayi har naman ya ruɓe, sa'an nan su wanke ƙwanson. Haƙar kuɗin wancan zamani ke nan. Jiragen ruwan Holan da Ingila suka riƙa kai shi Amsterdam da Landan, daga can su sauke shi a gaɓar tekun Gini, inda aka sayi bayi da shi, fatake kuma suka hauro da shi arewa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa.

Abin da ya tsare darajar wuri shi ne nisa da wahala. Ba a iya ƙera na jabu, kuma kafin ƙwaya ɗaya ta iso Gobir ko Adar sai ta ratsa tekuna biyu da doguwar tafiya a bayan jakuna. Amma daga wajejen 1845 ƴan kasuwar Hamburg ta Jamus, daga baya da na Marsai ta Faransa, suka gano wani wuri mai kama da shi a gaɓar Zanzibar, wanda ya fi araha ƙwarai, suka yi ta jibge shi a tashoshin Ikko da Dahomai. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, mai yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, dalar azurfa ɗaya tana daidai da wuri 2,500. Kafin ƙarnin ya ƙare sai an ninka wannan adadi. Wanda ya tara keso-keso na wuri a ɗakinsa, kowane keso wuri 20,000, ya wayi gari dukiyarsa ta rage ba tare da ɓarawo ya shiga gidansa ba. A 1904 Turawan Ingila suka hana shigo da wuri Nijeriya ta Arewa, harajin mulkin mallaka kuma, da aka tilasta biyansa da kuɗin Turawa, ya ƙarasa shi.

Dala, jikka da iyaka

A watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙwanni ta yi kisan da har yau ba a manta ba. Yarjejeniyar 1898 tsakanin Faransa da Ingila ta bar wa Ingila duk ƙasar da ke cikin mil 100 kewaye da Sakkwato, amma gyare-gyaren 1904 da 1906 suka maida Ƙwanni hannun Faransa. Tun daga nan iyaka ta ratsa tsakanin dangi, kuɗi kuma suka rabu gida biyu.

Harshe ya adana wannan tarihi. Dala asalinta sunan azurfar Ostiriya ce mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wadda ke ɗauke da shekarar 1780. Da Faransawa suka kawo azurfarsu ta tamma 5 sai sunan ya koma kanta. Shi ya sa har yau mai sayar da albasa a Galmi yake cewa dala ashirin idan yana nufin sefa 100, yake cewa jikka idan yana nufin 1,000. An kafa kuɗin sefa ran 26 ga Disamba 1945, naira kuwa ta maye gurbin fam ran 1 ga Janairu 1973.

Sau uku a cikin shekaru arba'in mutanen iyaka suka ga an sauya ƙa'idar kuɗi daga nesa. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun naira ta rufe iyakoki, ba a buɗe su ba sai 1986. Abin ya haɗu da fari, har yunwar wannan lokaci ta samu suna El-Buhari a ƙauyukan Nijar. Ran 12 ga Janairu 1994, bayan taron Dakar, aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ke kan sefa 50 ya koma 100. A ƙarshen 2022 kuma Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000, ya ba da gajeren wa'adi, masu riƙe da tsofaffin takardu a kasuwannin iyaka suka shiga neman inda za su sauke su. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamaki ba idan labarin kuɗin da ba gwamnatin da ke iya taɓa su ya yi wa saurayin Ƙwanni daɗi a kunne.

Kuɗin da ba su da sarki

Ran 31 ga Oktoba 2008 wani mutum ko wasu mutane da suka sa wa kansu suna Satoshi Nakamoto suka fitar da bayanin Bitcoin, ran 3 ga Janairu 2009 kuma tsarin ya fara aiki. Asalinsa kundin ciniki ne da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa. Kusan kowane minti 10 ana ƙara shafi guda a kundin, kuma kafin a yarda wa wata na'ura ta rubuta shafin sai ta riga sauran samo wata lamba da ba a samunta sai ta hanyar gwaji, sau biliyoyi. Wadda ta yi nasara ana ba ta lada da sababbin kuɗi. Wannan gwaje-gwaje shi ne abin da ake kira haƙa. Ba ƙasa ake tonawa ba. Wutar lantarki ake ƙonawa domin shiga wata irin ƙuri'a.

Ƙa'idodi biyu ne suke tafiyar da lissafin. Ta farko, ladan yana raguwa da rabi kusan kowace shekara huɗu: ya fara da 50, ya koma 25 a 2012, 12.5 a 2016, 6.25 a 2020, sa'an nan 3.125 a Afrilun 2024, kuma jimillar kuɗin ba za ta wuce miliyan 21 ba. Ta biyu, kusan kowane mako biyu tsarin yana duba yawan ƙarfin masu haƙa, idan sun ƙaru ya ƙara wahalar lambar. Ma'ana, tuwon bai ƙaruwa don baƙi sun yi yawa. Lomar kowa ce take ƙanƙancewa.

A 2009 kwamfutar ofis ta ishi mai haƙa. A 2010 aka gane cewa katin hoto, wato ɓangaren da ke zana hotunan wasannin kwamfuta, ya fi ta sauri nesa ba kusa ba. A 2013 aka fito da injuna na musamman da ake kira ASIC, waɗanda ba su iya komai sai wannan aiki, suka kori katin hoto daga Bitcoin. Masu katuna suka koma kan Litecoin, daga baya kuma kan Ethereum, wanda ya fara aiki a watan Yuli na 2015. Shekarun Ethereum su ne zamanin injin da wannan maƙala take magana a kai.

Yadda ake harhaɗa injin

Injin ba ya kama da kwamfutar da aka saba gani a ofishin magajin gari. Ba shi da akwati: firam ne na katako ko na ƙarfe, a buɗe, domin iska ta ratsa. A ƙasa ana ɗaure babban allon da komai ke haɗuwa a kansa, da ƙaramar ƙwaƙwalwa mai araha, domin ba ita ke aikin ba. A sama ana jera katunan hoto, galibi shida ko takwas, kowane an haɗa shi da allon ta doguwar waya. A gefe akwai akwatin rarraba wuta, ɗaya ko biyu. Ba madannai, ba allon kallo, kuma sau da yawa ba faifan ajiya. A madadinsa sai kile ɗaya mai jiga 8 ko 16 a soke a baya.

Dalilin zaɓen kile a bayyane yake. Ya fi faifai araha, ba ya bukatar lasisin Windows, kuma mai injuna goma yana iya kwafar kile goma cikin yini ɗaya. A kansa ake rubuta tsarin Linux da aka tanada domin haƙa kawai. Tun wajejen 2011 aka samu irin wannan tsari mai suna BAMT, daga baya aka samu ethOS, SimpleMining da HiveOS.

Matakan kaɗan ne. Mai injin yana sauko da hoton tsarin daga intanet a wata kwamfuta, ya rubuta shi a kan kile da manhaja irin Etcher. Sa'an nan ya buɗe wani ɗan fayil ya rubuta lambar injin da kalmar sirri, ko adireshin asusunsa na kirifto da sunan ƙungiyar masu haƙa da zai shiga, domin injin guda ba ya cin ƙuri'ar shi kaɗai. Ana haɗa ƙarfi ne a raba lada gwargwadon aikin kowa. Bayan haka ya shiga saitin farko na allon, wanda ake kira BIOS, ya gyara abu biyu: injin ya nemi kile kafin komai idan zai tashi, kuma ya kunna kansa da zarar wuta ta dawo bayan ɗaukewa. Ya haɗa wayar intanet, ya soke kile, ya kunna. Daga nan yana iya duba zafin katuna da saurinsu ta wayar salula, ya rage musu wutar da suke sha.

Raunin kile shi ne yawan rubutu yana gajiyar da shi, ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki kuma tana iya lalata abin da ke ciki. Saboda haka masu sana'ar sukan hana tsarin yawan rubuta rahoto a kansa, su kuma ajiye na biyu a aljihun tebur. Duk ɗalibin lise mai natsuwa zai iya koyon waɗannan matakai a rana ɗaya. Wahalar tana wani wuri dabam.

Lissafin wuta a Ƙwanni da Malbaza

Injin mai katuna shida yana shan wuta kusan kilowat ɗaya, dare da rana, ba hutu. Wato kilowat-awa 24 a yini, 720 a wata. Idan aka ƙaddara, domin saukin lissafi, cewa kowane kilowat-awa dala ashirin ne, kuɗin kuran na wata sun kama jikka 72, kafin a biya intanet, kafin a fara maida kuɗin katuna, waɗanda a 2017 da 2021 suka yi tsada ƙwarai saboda rububin masu haƙa. Duk wutar nan kuma zafi take komawa. A ƙasar da ma'aunin zafi ke wuce 40 a watannin Afrilu da Mayu, ɗakin injin yana bukatar fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, ita ma wuta take sha. Da hunturu kuma ƙurar buji ta toshe fankokin katuna.

Sai kuma asalin wutar kanta. Shekaru da dama, har zuwa 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da kamfanin Nigelec ke rabawa daga Nijeriya ya riƙa zuwa, ƙasar da ta gama madatsar Kainji a 1968. Layi ɗaya yana tashi daga Birnin Kabi zuwa Yamai, wani daga Katsina zuwa Gazawa, shi ne ke ciyar da yankin tsakiya da gabas. A watan Nuwamba na 2018 aka ƙaddamar da tashar hasken rana ta Malbaza mai ƙarfin megawat 7, irinta ta farko a ƙasar. Da za a juya ta gaba ɗaya ga haƙa, injuna 7,000 kawai za ta ɗauka, su ma da tsakar rana, alhali ma'aikatar siminti ta Malbaza, da asibitin Galmi, da masu walda da masu niƙa da masu ƙanƙara duk suna jiran wannan wuta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Nijeriya ta katse layukan a farkon Agusta, aka rufe iyakar Ƙwanni da Illela, ba a janye takunkumin ba sai a watan Fabrairu na 2024, aka buɗe iyaka a Maris. A waɗannan watanni, saitin da ke cewa injin ya tashi idan wuta ta dawo ba shi da abin da zai yi sai jira.

Shi ya sa haƙar kirifto ta bi sawun wuri: ta tattara inda ta fi araha. Ta yi shekaru a kusa da madatsun ruwan Sichuwan ta ƙasar Sin har gwamnati ta hana a 2021, ta yi ƙaura zuwa Kazakistan da jihar Texas ta Amurka. A Afirka, Habasha ce ta jawo manyan kamfanonin haƙa, saboda wutar babbar madatsarta ta kogin Nilu. Mai injin ɗaya a Adar da waɗannan yake takara, kuma ƙa'idar ƙara wahala ba ta san talaka ba.

Ranar da injuna suka yi shiru

Ran 15 ga Satumba 2022 masu tafiyar da Ethereum suka sauya hanyar rubuta kundinsu. Maimakon gasar ƙona wuta, sai aka koma zaɓen masu rubutu daga cikin waɗanda suka ajiye kuɗi jingina. Wutar da tsarin ke sha ta ragu da fiye da kashi 99 cikin 100, kuma a safiya ɗaya miliyoyin katunan hoto a duniya suka rasa babban aikinsu. Waɗanda suka koma kan ƙananan kuɗin kirifto suka tarar ladan bai biyan kuɗin wuta, kasuwar kwance ta cika da tsofaffin katuna. An sanar da sauyin shekaru kafin ya zo, an kuma ɗage shi sau da yawa, har wasu suka ɗauka ba zai zo ba. Kuɗin da aka ce ba su da sarki sun nuna cewa suna da majalisa, kuma ba a Ƙwanni take zama ba.

Abin da ya iso hannun yawancin samarin ƙasar Hausa da sunan mainin ba wannan injin ba ne, wayar salula ce. Manhajar Pi ta fito a watan Maris na 2019 tana cewa a danna sau ɗaya a yini. A 2024 wasannin Telegram irin su Notcoin da Hamster Kombat suka sa matasan Kano, Kaduna da Sakkwato suna ta dannar fuskar waya dare da rana. A nan ba lissafin da wayar ke yi, ba kundin da take tsarewa; maki ne kamfani ke rabawa, shi ne kuma ke yanke ranar biya da yawan abin da za a biya. Wasu sun samu wani abu daga Notcoin a watan Mayu na 2024, amma da Hamster ya biya a Satumba mafi yawa abin da suka samu kaɗan ne. Pi ya shiga kasuwa ran 20 ga Fabrairu 2025, ya kusa dalar Amurka 3, cikin makonni kaɗan ya faɗo ƙasa da ɗaya. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kammalawa

Tun daga wuri har zuwa kile, ribar haƙar kuɗi tana zama ne inda haƙar ta fi araha, asarar sauyin ƙa'ida kuma tana faɗa wa wanda ya fi nisa da wurin yanke shawara. Abin da mutanen Ƙwanni suka ƙware a kai tun zamanin dala shi ne canji da fatauci: sanin farashi a ɓangarori biyu, da rashin kwana da kuɗin da ba a amince da su ba. Abin da ƙasarsu ke bayarwa idan an tona ta kuwa sananne ne, wato dutsen siminti na Malbaza da albasar Galmi da ake lodi zuwa Abijan da Akara.

Wannan bai sa ilimin injin ya zama na banza ba. Kile da ke tada kwamfuta da Linux yana iya raya tsohuwar na'urar da faifanta ya mutu a ɗakin karatun lakwal, ya ɗauki ƙamus da littattafan Hausa da Faransanci zuwa ƙauyen da intanet bai kai ba. Malamin lissafi yana da darasi a shirye: a ba ɗalibai ƙarfin injin, da takardar kuran ta gidansu, da farashin katin hoto, su fitar da watannin da za a yi kafin uwar kuɗi ta dawo. Malamin tarihi yana da wuri da dala da El-Buhari. Malamin Hausa da ƙungiyoyin raya al'adu kuma suna da aikin kalmomi, domin muddin ana kiran ƙona wuta da dannar waya da suna ɗaya, saurayi ba zai bambance sana'a da caca ba. Idan ɗalibi ya zo da labarin wani sabon kuɗi da ake haƙowa, ya kamata a zaunar da shi a yi masa tambayoyin da ɗan canjin bakin tasha zai yi: wa ya buga su, nawa bugun ya ci, kuma wa zai karɓe su gobe idan aka kai masa?